Zabuwar da Na Zana a Riyad

Ni direba ne, ban taɓa cewa ni mai zane ba ne. A shekarun da kuɗin mai ya hau kan Larabawa, ana rushe Riyad ta ƙasa ana gina ta siminti, ina jan motar wani kamfanin Japanawa da ke binne wayar tarho a gefen tituna. Da safe in kwaso injiniyoyi daga gidajensu na bayan gari, in yini ina bin su daga wannan rami zuwa wancan, da yamma in mayar da su. Ɗakina yana Shumaisi, a wani lungu bayan asibiti, saman shagon wani Bayamale mai gasa burodin nan nasu mai faɗi. Zafin tanderunsa ta ƙasan tabarmata yake fitowa, rani da damina, in har abin da suke yi can za a kira shi damina.

Fasfona yana hannun kafil, wato Balaraben da ya tsaya mini na shigo ƙasar, kuma ba a fita sai da sa hannunsa. Da kaset ya zo daga gida cewa an sa ranar auren 'yata, na je ofishinsa a Dira na tsaya. Yana yanke farce. Ya ce, "Ba'aden," wato sai an jima. Na koma, ya sake cewa ba'aden. Da ya gaji da ganina sai ya ɗago kai ya ce, "Ya sawwag," wato kai direba, "ko ba ka nan ai za a ɗaura." Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gaskiya ya faɗa.

Yarinyar 'yar fari ce. A wajenmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa, ba ya wasa da shi a gaban mutane, kuma in an yaba shi sai ya kau da kai kamar maganar ɗan wani ake yi. A ɗakin tsohuwata ta tashi. In zan aika kaset gida nakan gaida kowa da sunansa, har makwabcinmu mai jaki, ita kuwa sai in ce, "Yaya yaran gida?" Kowa ya san wa nake nufi, kowa kuma ya yi kamar bai sani ba.

Mijin ita ta zaɓa, tela ne a bakin kasuwa. A kaset na farko na yi ƙorafi, na ce mutumin da ba shi da gona sai keken ɗinki me zai ciyar da iyali da shi, zare? Ban yi tunanin a tsakar gida ake kunna kaset ba, kowa na zaune, har da ita. Daga baya na bincika na ji yaron kirki ne, sai na aika da cewa a yi abin da ya kamata. Iyakar abin da na iya faɗa ke nan. Atamfa da kwanuka na riga na aika, amma waɗannan kowane uban da ke Saudiyya yana aikawa. Ni wani abu nake nema da za ta gani ta san ina murna, ba tare da na buɗe baki ba.

Mutum ɗaya ne zai je garinmu kafin bikin, ɗan limaminmu, wanda aka ba gurbin karatun shari'a a Riyad. Na san shi tun yana yawo da majina. Duk ranar Alhamis sai ya zo ɗakina cin tuwon shinkafa da miyar kukar da ake aiko mini, ya ci ya suɗe hannu, sannan ya gyara mini alwala. In mu kaɗai ne Kawu yake kirana. In ya gan ni yana tare da abokansa Larabawa sai in koma "ya sawwag", ya ɗaga mini hannu kamar mai tsayar da tasi.

Yana da wata ɗabi'a da ya koya a makarantarsu. Biro ba ya barin aljihun jallabiyarsa, kuma duk inda ya ga hoton abu mai rai sai ya ja masa layi a wuya. Ya ce in an raba kai da jiki ya tashi daga hoto. Saniyar da ke jikin gwangwanin madarata ya yanka ta, da raƙumin da ke kan kwalin shayi, da wani ɗan ƙwallo a jaridar da nake shimfiɗawa in ci abinci. Ni ban yi karatun da zan yi musu da shi ba, ko yanzu ma ban ce hukuncin ba haka yake ba. Abin da na lura da shi dai, in yana jan layin nan murmushi yake yi.

A cikin wannan hali ne kamfani ya sanar cewa wani tsoho ya zo daga Japan baje kolin tangaran a wani otal, kuma kafin ya koma zai koya wa ma'aikata zanen faranti ranar Alhamis da rana. Kowa zai zana nasa, a gasa a ba shi, kuma kowa na iya zuwa da aboki ɗaya. Ina jin haka na ce ga abin da nake nema. Na gayyaci ɗan liman don in daɗaɗa masa, tunda shi zai ɗauki saƙon. Ya tambaya ko akwai abinci. Na ce akwai, da iyakwandishan. Ya ce to zai zo ya ga abin da kafirai suke yi.

A ɗakin cin abincin ma'aikata aka yi. An haɗa tebura an shimfiɗa farin ƙyalle, mun zauna a jere, 'yan Pakistan masu haƙa rami, da Yamalawa, da akawuna Misirawa da suka ware gefe guda don kada rigarsu ta taɓa tamu. Tsohon ɗan ƙaramin mutum ne, girarsa fara fat, ya ɗaura shuɗin ƙyalle a ƙugu. Ya sunkuya ya gaishe mu har ƙasa, mu da ba a saba gaishe mu ba, sai muka rasa yadda za mu yi da hannuwanmu. Tafintansa wani saurayin Bajapane ne mai Larabcin littafi. Rabi nake ganewa, sauran ɗan liman ke juya mini da Hausa, yana ƙara nasa gishirin.

Farantin da aka ajiye a gabana bai yi kama da tangaran ba ko kaɗan. Ba ya ƙyalli, ga kaushi kamar bayan sabuwar tukunya, ga rashin nauyi. Tsohon ya jiƙa yatsa ya ɗora a kan nasa, kafin ya ɗaga damshin ya ɓace. Tafinta ya ce an gasa shi sau ɗaya ne kawai, don haka ƙishirwa yake ji, duk abin da ya taɓa shi sai ya shanye. Tawadar kuwa ruwan toka ce zalla, baƙi-baƙi, a 'yar tasa, tsohon yana niƙa ta yana ɗiga mata ruwan shayi.

"Shayin ma ba su bar shi ba," in ji ɗan liman.

Sai tsohon ya ɗaga wani gamammen faranti, fari sol, da shuɗin zane mai zurfi kamar sabon rawani, ya nuna ruwan tokar nan ya nuna shuɗin. Wai wannan ne ke zama wancan in ya shiga wuta. Misirawa suka yi dariyar rashin yarda. Ni ban yi ba, don na tashi kusa da marina, na ga yadi yana fitowa daga rijiyar baba kore shar, iska ta buge shi ya koma shuɗi.

Buroshi biyu aka ba kowa. Ɗaya siriri ne, bakinsa kamar tsinke, na jan layi. Ɗayan kuwa kato ne kamar jelar rago, yana shan tawada ya cika, sai ka matse gindinsa da yatsu tana zubowa a hankali, da shi ake cike fili. Tsohon ya riƙe siririn a tsaye cak, ya ja numfashi, kafin ya sauke ga wani tsuntsu mai dogayen ƙafafu tsaye a kan faranti, kamar zai taka ya fito. Ɗan liman ya yi tsaki ƙasa-ƙasa ya taɓa aljihunsa.

Muka fara gwaji a kan jarida. Hannun da ke riƙe sitiyari daga Riyad har Dammam bai karkace ba, yau ga shi ya kasa sarrafa gashin da bai kai gemun akuya ba. Layina na farko ya fito kamar hanyar tururuwa. Na yi gumi a cikin sanyin nan. Mutane suka yi ta zana dabino, da furanni, wani ɗan Pakistan ya zana motar ɗaukar kaya. Ni tun a mota na san abin da zan zana.

Tana ƙarama, yarinyar nan ta tsinto ƙwan zabi a gona ta sa wa kazar kakarta, ɗaya ya ƙyanƙyashe. Zabuwar ta tashi tana bin ta ko'ina, har bakin rijiya, abin da zabi ba su yi. Wata rana baƙi suka sauka ba shiri, aka ce a kama ta. Na kama, na taka fukafukanta, wuƙa na hannuna. Da na ɗaga kai sai na ga yarinyar a jikin rumbu, hawaye kawai ke zuba har cikin bakinta. Sai na ɗan ɗaga ƙafata. Zabuwa ta yi sama ta haye katanga, ni kuma na yi ta zage-zage ina cewa ta kuɓuce mini, aka yi ta yi mini dariya, baƙi suka ci miyar kuka ba nama. Babu wanda ya ga ƙafar nan sai ita. Ba mu taɓa maganar ba, amma na san ta gani.

A kan farantin na fara da ƙoƙon bayan zabuwar, na zagayo ciki, na ja ɗan siririn wuya da ƙaramin kai da tukkun nan nata. Farantin yana shanye tawadar tun kafin in gama jan layi, ba damar tsayawa tunani. Tsohon ya zo ya tsaya a bayana. Ya kama gwiwar hannuna ya ɗaga ta daga kan tebur, ya riƙe wuyan hannuna muka ja ƙafa ɗaya tare. Hannunsa sanyi, kuma ba nauyi. Ya tambayi wane tsuntsu ne, tafinta bai san sunan ba, ni ma ban san shi da Larabci ba. Sai na buɗe baki na yi masa kukan zabuwa, ni da gemuna. Ɗakin ya ɗauki dariya, tsohon ya yi ta yi har yana share ido. Wani Bayamale ya leƙo ya ce, "Kazar Habasha ce!" Raina ya yi fari, ashe dai ana gane ta.

Tsohon ya nuna mini yadda ake ɗigo, bakin buroshi ya sumbaci faranti ya tashi. Na duƙa na yi ta ɗigawa, ƙanana a wuya, manya a baya, har na manta inda nake. Ba zan yi ƙarya ba, zabuwar ta yi ƙiba kamar matashin kai, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Amma zabuwa ce, kuma tawa ce. Mutane suka riƙa tasowa suna kallo, har wani Bamisire ya ce, "Wallahi kuwayyis, ya sawwag," wato ya yi kyau.

Ɗan liman ya gama nasa tun ɗazu. Ganye ya zagaya a baki, ya yi rubutun Larabci mai kyau a tsakiya, don hannunsa na da kyau, wannan ba zan hana shi ba. Sai dai babu wanda ya taso ya duba. Yana zaune yana kaɗa ƙafa, ya ci abincin da ya zo dominsa, yana kallon mutanen da suka taru a kaina.

"Kawu," ya ce, "ka san abin da ka aikata kuwa?"

"Zabuwa ce, Malam."

"Ranar tsayuwa za a ce ka busa mata rai. Za ka iya?"

"Ta yarinyar nan ce. Bar ni in ƙarasa."

"To ai shi ya sa. Ɗakin amarya za a kai, mala'iku su ƙi shiga? Kawo in taimake ka."

Ban ma ga lokacin da ya ɗauki katon buroshin ba. Ya tsoma shi har gindi, ya juya wajen Misirawan nan ya ce da Larabci, don su ji daɗi, wai kaza ba ta halatta sai an yanka. Ya dafe farantin da hannun hagu kamar mai danne fukafuki, ya ja buroshin a wuyan zabuwata daga wannan gefe zuwa wancan, yana matsawa. Tawada ta kwanta baƙi ƙirin, faɗin yatsa, farantin ya shanye ta a gabana.

"Halas," ya ce. "Yanzu ta halatta."

Misirawa suka fashe da dariya, wani har yana buga tebur.

Na kama wuyan hannunsa. Siriri ne, hannun wanda bai taɓa ɗaga abin da ya fi littafi nauyi ba, kuma Allah ya sani da na murɗa da ya karye kamar kara. Sai na tuna igamata, takardar zaman da faɗa ɗaya ke cinyewa, na kuma tuna cewa wannan hannun ne zai ɗauki saƙona. Na sake shi. Ya gyara hannun rigarsa ya ce da Hausa, a hankali, don ni kaɗai, "Na cece ka daga wuta kana zare mini ido. Haka jahilci yake."

Tsohon bai yi dariya ba. Ya zo ya ɗauki farantin ya daɗe yana kallo, ya kalli ɗan liman kallo ɗaya, bai ƙara ba. Ya zauna a kujerata, ya zaro wata 'yar wuƙa daga ƙyallen ƙugunsa ya fara kankara. A hankali yake yi, ya kankara ya hura ƙurar, ya kankara ya hura. Mutane suka watse suka koma kan nasu. Ni ina tsaye a kansa kamar mai jinya. Baƙin ya yi ta raguwa, ya koma toka-toka, ya koma inuwa, har wurin ya yi fari tas, sai ɗan kwarmi da yatsa kaɗai ke ji. Ya ɗauki siririn buroshi ya mayar da layukan wuyan, ya miƙo mini in mayar da ɗigon da kaina.

Na ce masa na gode da duk yaren da na sani. Shi kuwa sai ya yi wata doguwar magana yana girgiza kai, ya nuna wuyan zabuwar, ya nuna wajen da aka ajiye ɗan tanderun lantarkin da suka zo da shi, ya sake girgiza kai. Na juya wajen tafinta. Saurayin ya gaji, ya yini yana magana, ya duba agogonsa ya ce, "Ma fi mushkila." Babu matsala. Kalmar da na fi kowace ji a ƙasar nan ke nan, kuma ranar na karɓe ta hannu biyu.

Aka kwashe farantan, za a tsoma su a wani farin ruwa mai kauri kamar koko, a gasa, a raba mana. A makon aka tura ni da injiniyoyi can wajen Kharj. Na dawo ranar da ɗan liman zai tashi, da hantsi, na tarar tsohon ya koma ƙasarsu, an bar mini nawa a ofis. Sauran ma'aikata a jarida aka naɗe musu. Nawa a ɗan akwatin katako yake, an ɗaure da igiya mai faɗi, an naɗe da shuɗin ƙyalle, an yi wani irin ƙulli a sama mai kama da fure. Na juya shi, na sake juyawa. Na san in na kwance ba zan iya mayarwa ba, kuma ina so ita ta fara kwance shi, ta ga yadda ake girmama kaya. Ga lokaci ya ƙure, ɗan liman na jirana da akwatunansa a unguwar Ulaisha.

Ni na kai shi filin jirgi, ni na ɗauki kayansa har wurin awo. Da na miƙa masa akwatin sai ya riƙe shi da yatsu biyu ta wajen ƙullin.

"Ka kai wa yarinyar nan," na ce. "A ba ta ranar jere."

"Wace yarinya, Kawu? 'Yan mata ai sun yi yawa a garinmu."

"Ka sani."

"Faɗi sunanta mana, kada in kai wa wata."

Ya tsaya yana kallona yana murmushin nan nasa, mutane na wucewa suna bangaje mu. Ban faɗa ba. Da ya ga ba zan faɗa ba sai ya yi dariya ya jefa akwatin cikin jakarsa, a kan takalma.

Bayan hutu ya dawo, ya zo cin tuwo kamar kullum. Na tambaye shi ko saƙo ya isa. Ya ce ya isa, mata sun yi ta kallo. Na ce me ta ce? Ya ce amarya ai ba ta magana. Na ƙara masa miya.

A da, in kaset ya zo daga gida, can ƙarshe bayan kowa ya gama, akan ji wata 'yar murya daga nesa ta ce, "Ina gaida Baba," sai a kashe. Nakan mayar da wurin in sake ji. Daga bikin nan muryar ta ɗauke. Na ce kunyar aure ce, ko kuma gidan miji ya yi nisa da inda ake ɗaukar kaset. Na ji ta haihu, na aika da kayan jariri, aka ce an gode. Haka na yi ta binne wa Larabawa waya, suna magana da 'ya'yansu a London, har kamfani ya gama aikinsa kafil ya jefo mini fasfona a kan tebur.

Na koma gida na tarar ɗan liman ya riga ni. Ya zama babban malami, shi ke wa'azi ranar Juma'a, shi ya raɗa wa jikana suna. Ya zo yi mini sannu da zuwa da jama'a a bayansa, ya rungume ni yana ta Kawu, Kawu.

Washegari da hantsi ta zo. Ina zaune a ƙofar ɗakin tsohuwata, ga tsohuwar, ga yayata, ga uwar yaran tana tankaɗe. Ta shigo da goyo, ta rame, ta durƙusa can nesa kusa da turmi ta gaishe ni kanta a ƙasa. Na amsa ina kallon katanga, kamar yadda aka saba. Sai ta zaro wani abu daga cikin mayafinta ta turo shi a ƙasa har gabana. Akwatin katakon ne, an naɗe shi da shuɗin ƙyallen, an yi masa ƙullin goro irin namu.

Na kwance. Ranar na fara ganin farantina.

Ya yi kyau fiye da duk yadda na zata. Fari sol, yana ɗaukar ido, ruwan tokar nan ya zama shuɗi mai zurfi, kowane ɗigo ya fito ɗaya bayan ɗaya. A wuyan zabuwar kuma layin ya dawo. Abin da tsohon ya kankare na sama ne, wanda farantin ya shanye yana ciki, wuta ta fito da shi. Bai ma dawo a layi ba, ya bazu ne, ya yi duhu a cikin kwarmin da wuƙa ta bari, ya gangaro kan ƙirjinta har ya shafe ɗigon wurin. Ko makaho ya shafa ya san an yanka ta. A lokacin na ji maganar da tsohon ya yi mini yana girgiza kai, sarai kamar da Hausa ya yi ta.

Yayata ce ta yi bayani, muryarta cike da haushina. Ranar jere a gaban dangin miji aka kwance shi, an tara mata ana guɗa, ana cewa ga saƙon uban amarya daga Saudiyya. Da aka ɗaga sai guɗar ta tsaya cak. Kowa ya ji kaset ɗin da na kushe telan, kowa ya ga ban zo biki ba, yanzu ga abin da na aiko. Aka aika a tambayi ɗan liman, ya ce shi dai abin da aka ba shi ya kawo, kuma a gabansa Kawu ya zana zabuwar da hannunsa. Tun ranar dangin mijin suke kiranta yankakkiya, a bakin rijiya, a gidan suna, har yara sun ɗauka. In ta yi ɓari ko ciwo ya kama ɗanta, sai a ce me ake jira daga wadda ubanta ya yanke.

"Baba," ta ce. Ban taɓa jin ta yi mini magana kai tsaye a gaban mutane ba. "Na san na ɓata maka. Ka yafe mini."

Na ce ba ni ba ne. Na fara ba su labari, tsohon Japan, da tawadar da ake dama ta da shayi, da farantin da ke jin ƙishirwa, da wuƙa, da layin da ya ɓace ya dawo a cikin wuta. Ina faɗa ina jin yadda maganar ke fita, kamar tatsuniyar wanda rana ta taɓa wa kai. Uwar yaran ta daina tankaɗe. Da na kai kan wanda ya ja layin, sai tsohuwata ta buga sandarta a ƙasa.

"Kai, rufe mini baki! Malam guda za ka yi wa ƙage don ka wanke kanka? Ka yi fushi, ka nuna, an gani. Yarinya ta durƙusa a gabanka da goyo, ka tsaya kame-kame. Ka ce ka yafe mana!"

Na kalli yarinyar, karo na farko ido da ido. Ba labarin Japan take jira ba, ba ta ma ji shi ba. Shekarun nan duka kalma ɗaya take jira. Abin da ya rage in faɗa shi ne abin da uba ba ya faɗa a kan 'yar fari, balle a gaban uwarsa, kuma ko na faɗa, ga farantin nan a ƙasa yana ƙaryata ni.

Na ce, "Na yafe."

Ta kifa goshinta a ƙasa ta fashe da kuka, tana na gode Baba, na gode, Allah ya ƙara girma. Tsohuwata ta ce alhamdulillahi, yayata ta share ido ta ce ai shi ke nan, uba uba ne. Aka ɗaga ta, aka gyara mata goyo. Ta bar akwatin a gabana ta fita, goggonta ta raka ta.

Daga zaure na jiyo muryarta, a sake, har da 'yar dariya a ciki, tana gaya wa goggon cewa yau kam za ta yi barci.